Hanya Cikin Katanga

Ina neman afuwa tun kafin in fara. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta nawa ba, ban ma san ko ya dace irina ta ɗauki alƙalami ba. Inda kuka ga na yi tuntuɓe ku yi haƙuri ku tsallake. Labarin ne ya hana ni sakat.

A gefen unguwar Zariya, can inda gidaje ke cinye gonaki, akwai wani fili da Alhaji Idirisa ya ba jama'a. Shekarun baya gero ake nomawa a wurin. Yanzu duk inda ka juya bulo ne da tarin yashi da ƙarafa a tsaitsaye. Ga mutanen garin Tsibiri da suka gaji da zuwa da komawa sun yi gini, ga tsofaffin ƙauyen Jiratawa da ƴaƴansu suka yi arziki suka ɗauko su. Unguwa ta cika, amma ba inda za a auna jinin tsoho ko nauyin jinjiri sai an shiga cikin gari. Shi ya sa Alhaji ya ce zai gina gidan kula da lafiyar jama'a. Ba asibiti ba, wurin awo da shawara dai, da ɗakin motsa jiki, da rumfar hutawa.

Zanen ginin ya faɗa hannun Malika. Ƴar unguwar ce, ba ta daɗe da dawowa daga karatun zanen gini a Yamai ba, tana aiki a biron Mushe Chaibu, wato ofishinsa na zanen gini. Wannan ne aiki na farko da ya sakar mata ita kaɗai. Ɗakunan ba su ba ta wahala ba. Abin da ya cika mata rai wani siririn wuri ne a bayan ginin, tsakaninsa da katanga, kuma mahaifiyarta ce sanadi.

Inna Tsahara tana da hawan jini. Likita ta ce mata magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta riƙa tafiya kullum.

"Tahiya zuwa ina?" inji Inna.

"Ba zuwa ko'ina ba, Inna. Tahiya dai."

Har suka isa gida Inna tana dariya. A Tsibiri ta yi rabin rayuwarta tana kai abinci gona a ƙafa, ba wanda ya taɓa kiran abin magani. Amma tun da ƴaƴanta suka maido ta gari, famfo a tsakar gida, injin niƙa a bakin ƙofa, ƙafarta ta rasa abin yi. Kuma dattijuwa ba ta fita haka kawai. Sai da dalili: suna, ko ta'aziyya, ko dubiya. In aka gan ta tana zagaya layi ba inda ta dosa, ko a ce ƴaƴanta ba sa ci da ita, ko a ce kanta ya fara taɓuwa.

Aminiyarta Gwaggo Zalihatu ce ta samo dabara. Ita ciwon suga gare ta. Ƴar Jiratawa ce, ta tsufa a cikin lambu, sai ɗanta Abdu da ke fatauci zuwa ƙetaren iyaka ya ɗauko ta don ta huta.

"Ya raba ni da zogalena da albasata," takan ce, "ya aje ni gaban talabijin kamar kayan ɗaki."

Dabarar ita ce rakiya. Bayan la'asar Gwaggo takan zo gaida Inna. In ta tashi tafiya, Inna ta yafa mayafi ta raka ta. Suna isa ƙofar gidan Abdu sai Gwaggo ta ce ai ba ta bari aminiyarta ta koma ita kaɗai, ta juyo ta rako ta. A ƙofar Inna kuma a sake. Ba wanda ke zagin rakiya, ladabi ce. Haka suke yi har rana ta yi ja, su rabu da gumi a goshi.

Wata yamma Malika tana dawowa daga aiki ta ci karo da su a kwana, suna haki.

"Auta, kauce muna," inji Inna. "Baƙuwa nika rakawa."

"Inna, wai wace ce baƙuwar cikinku?"

"Ya danganta da inda munka dosa," inji Gwaggo Zalihatu, ko murmushi ba ta yi ba. "Ke wuce ki ɗora muna ruwa, injiniyar banza, ko sallama ba ki iya ba."

Malika ta shiga gida tana dariya, amma abin ya tsaya mata. Ta san ba su kaɗai ba ne. Akwai wadda ke ƙirƙirar dubiya, akwai wadda ke zuwa sayen gishiri a shago mafi nisa. Washegari ta zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ta zana hanya. Ta bi da ita jikin katanga daga ciki, ta zagaye bayan ginin ta dawo, da ƙofarta daban ta ɓangaren mata. Katangar doguwa, ko wanda ke kan babur ba zai hango kan mutum ba. Ta sa bishiyoyi, ta sa dakali nan da can. Mace ta shigo, ta yi tafiyarta, ba mai ce mata ina zuwa.

Da ta kawo zanen gida, Gwaggo ta bi layin da yatsa.

"Kar ki sa muna daɓen nan mai santsi, ƙugunmu ba na sayarwa ba ne. Ki bar ƙasa. Kuma ki shuka zogale gehe."

"Zogale kuma, Gwaggo?"

"I mana. In an tambaye ni, in ce ganye na zo ɗiba."

Malika ta ɗauka barkwanci ne, ta yi dariya, ta ƙara zogalen. Inna kuwa ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Allah shi sa albarka." Malika ta ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Mushe Chaibu ne ya fara ja da baya.

"Kyau kam shina da kyau, Madam. Amma motoci hwa? Ran da anka zo rigakahi, ran da manya sunka zo ziyara, ina za su tsaya? Bayan nan shi kaɗai ne wurin da ya rage, kuma Alhaji ya riga ya sa ido kai."

Suka tafi gidan Alhaji Idirisa tare. Ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ta har ta gama, yana jan carbi, ya tambayi faɗin hanyar, ya tambayi tsayin katanga.

"Ɗiyata," ya ce, "ni dai tun da nike ban taɓa jin tsohuwa ta ce tana son zagaya katanga ba. Amma don su nika gini. In sun ce suna so, a bar musu. In ba su ce ba, motoci."

A hanyar dawowa Chaibu ya ba ta shawara. Ya ce ta bari Hajiyar Alhaji ta tara matan a cikin gida, a yi shayi, a yi hira, maganar ta fito da kanta, Hajiya ta kai wa mijinta. Malika ta ƙi. Tana tsoron kada maganar ta canza kama kafin ta isa. Kuma a makaranta an koya mata cewa gini na jama'a sai an tara jama'a, kowa ya faɗi ra'ayinsa a fili.

"A tara kowa, maza da mata," ta ce. "Alhaji shi ji da kunnenshi."

Chaibu ya dube ta ta gefen tabarau. "Ke ce ƴar unguwa," ya ce.

Aka yi taron da hantsi, a cikin filin, ƙarƙashin rumfa. Maza a kan kujeru gaba, mata a kan tabarmi baya. Wanda ke riƙe da abin magana shi ne magatakardan komitin unguwa, Maman Lawali, mijin Mansura yayar Malika. Tun tana ƙarama Malika ta san Inna ba ta cin abinci a gabansa, ba ta ɗaga murya, ba ta ma kama sunansa. In ya yi sallama takan shige ɗaki su gaisa ta bayan labule. Duk Malika ta san wannan. Amma a ranar, da ta dube shi, magatakarda kawai ta gani.

Ta kafa zanen a jikin allo ta yi bayani. Ta nuna ɗakin awo, ta nuna rumfa, maza suna gyaɗa kai. Da ta iso kan hanyar sai wurin ya yi tsit.

"To, iyayenmu," inji Alhaji, "ku muka saurare. Kuna son wagga hanya?"

Matan suka duƙar da kai. Wata ta shiga gyaran goyo, wata tana tsintar zare a tabarma. Waɗanda kwanakin baya suka tare Malika a bakin rijiyar burtsatse suna sa mata albarka saboda hanyar, duk suna nan, ba wadda ta ɗago. Mazajensu ne a gaba, da ƴaƴansu, da surukansu. Wace ce za ta tashi ta ce jikinta ya lalace da zama, gidan da aka ajiye ta ya yi mata ƙunci?

Malika ta juya wajen mahaifiyarta.

"Inna," ta ce, "ki yi magana."

Maman Lawali ya dube ta kamar ta mare shi. Amma an riga an ji, ba yadda zai yi. Ya taka a hankali zuwa bakin tabarma, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya miƙa abin maganar yana kallon wani gefe. Inna Tsahara ta ja mayafi har ya rufe mata rabin fuska. Da muryarta ta fito ta lasifika, ƙarama ce, kamar ba tata ba.

"Lahiyarmu lau. Allah shi saka ma Alhaji da alheri."

"Amin," inji maza baki ɗaya.

Malika ta juya wajen Gwaggo Zalihatu. Kafin ta buɗe baki Abdu ya miƙe daga kujerarsa, yana gyara babbar riga.

"Alhaji, a yi mini uzuri. Tsohuwata ta sha wahalar da ta ishe ta cikin lambu. Na kawo ta gari don ta huta. Yanzu kuma a gina mata katanga ta riƙa zagayawa, a ce mi? A ce gidana ya yi mata kaɗan?"

Aka miƙa wa Gwaggo abin magana. Wannan mata da bakinta ba ya mutuwa, ta dubi ɗanta tsaye gaban manyan unguwa.

"Ba abin da na rasa gidan ɗana," ta ce. "Allah shi yi mishi albarka."

A nan ya kamata Malika ta naɗe takardarta. Amma ta ga hanyar tana zamewa daga hannunta, ta ga Alhaji ya fara juyawa wajen Chaibu. Sai ta karɓi abin maganar.

"Ba gaskiya ba ne! Kunya ce sukai. Likita ta ce su yi tahiya, ba su da inda za su yi. Kullum bayan la'asar Inna da Gwaggo rakiya sukai ma juna, wagga ta raka wagga, waccan ta rako waccan, har magariba, don kar a ce suna yawo. Kowa na ganinsu. Ba baƙunci ba ne, magani ne!"

Sai wani mai shago da ke bakin kwana ya buga cinya.

"Ashe! Ni ko kullum ina cewa, wagga baƙuwa ba ta isa gida!"

Dariya ta ɓarke. Ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. Wani ya ce a ba su lambar yabo, wani ya ce a sa su cikin ƴan tsere na ƙasa. Har cikin mata akwai masu toshe baki da mayafi. Abdu bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi nauyi, yana kallon ƙasa. Maman Lawali ya sa takalminsa ya koma can bayan rumfa. Inna kuwa ba ta motsa ba.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ɗiyata, mun ji ki, kuma mun san alheri kika nuhi. Amma kin ji su da bakinsu. Ba ni gina ma mutum abin da ya ce ba shi so."

Aka yi addu'a aka watse.

A gida Inna ta idar da azahar. Tana zaune kan sallaya ta kira Malika. Ba ta ce Auta ba.

"Malika. Mi na yi miki?"

"Inna, don ku na yi."

"Don mu. Kin tsai da ni gaban mijin yayarki. Mutumin da tun da ya shigo gidan nan bai taɓa jin tarina ba, yau ya riƙe mini ƙarhe a baki in hwaɗa ma gari ciwona. Bai ishe ki ba, kinka kwashe ɗan abin da muka ɓoyo kinka zuba a tsakiyar maza."

"Da kin ce kina so, da yanzu an gama."

"Ina so!" Inna ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. "Wa ya ce miki ba ni so? Tun ran da kinka kawo takardar nan nika ganin kaina cikinta. Amma ke da kinka yi karatu har Yamai, ba a koya miki inda aka tambayar mace ba?"

Inna ta naɗe sallayarta ta shige ɗaki.

Da la'asar ta yi ba wanda ya yi sallama. Washegari ma haka. Abdu ya ba direbansa umarni: duk inda tsohuwa ke son zuwa, ko gida na gaba ne, a kai ta a mota. Sau ɗaya Inna ta yi ƙarfin hali ta fita ita kaɗai, mai shagon kwana ya ɗago da fara'arsa ya ce, "Hajiya, yau ina baƙuwar?" Ta juyo daga nan. Ba ta sake gwadawa ba. Sauran matan ma suka koma sayen gishiri a shago mafi kusa, kada a ce su ma magani suke nema. Kafin damina ta kama ƙafafun Inna sun fara kumbura, likita ta ƙara mata ƙwaya.

Ran da za a gyara zanen Chaibu ya tsaya a bayan kujerar Malika.

"Tashi in goge miki," ya ce.

"A'a, Mushe. Ni na zana."

Ta cire dakalan, ta cire bishiyoyi, ta toshe ƙofar mata. Ta rage tsayin katanga, tun da ba abin da za a ɓoye. Sannan ta ja layuka a jere, kowace mota da gurbinta, ta bar musu wurin juyawa mai faɗi. Aikin ya yi tsaf. Chaibu ya ce bai taɓa ganin wurin ajiye motoci mai tsari kamar wannan ba, sai ya ga fuskarta, ya fita ya bar ta.

Aka sa ranar aza harsashi. Unguwa ta cika, an kafa rumfuna, an zo da ƴan jarida, mata sun sha anko. Inna ba ta zo ba, ta ce kanta ke ciwo. An kawo Gwaggo Zalihatu a mota, Abdu ya riƙo hannunta ya zaunar da ita kan kujera mai laushi a sahun gaba, kowa yana cewa ga ɗa na gari. Ta yi ƙiba, idanunta sun yi nauyi. Malika ta je ta durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ina wuni? Ya jiki?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Hutu dai nika ta yi."

Malika ta jira zagi, ko tsokana, ko a ce mata injiniyar banza. Gwaggo ta riga ta mai da ido wajen masu jawabi.

Aka yabi Alhaji. Aka yabi komiti. Wani babba daga ma'aikata ya ce wannan gini abin koyi ne, don an yi shi ne bayan an saurari jama'a, maza da mata. Aka tafa. Alhaji ya karɓi cebur ya zuba siminti a rami, mata suka rangaɗa guɗa. Sai mai gabatarwa ya ce yanzu za a yi hoto, a matso, a yi wa ɗiyar unguwa wuri kusa da Alhaji, wadda ta zana komai da hannunta.

Jama'a suka rinjayi gaba, kowa yana neman inda fuskarsa za ta fito. Malika ta ja baya ta ba wasu mata hanya, ta sake ja baya ta ba wasu. Ta tsinci kanta a bakin rumfa, inda aka tara kujerun da ba a zauna ba. Ta ajiye naɗaɗɗen zanen a kan ɗaya daga ciki. Ta ɗaga igiyar da aka kewaye filin da ita, ta sunkuya ta wuce, ta bi ta bayan wani gini da ba a gama ba. Mai hoto yana ta cewa na baya su ɗan ɗago, na gefe su matso ciki, ba wanda ya waiwayo.